Manu Bai Dawo Daga Karakkai Ba

Laraba, 7 ga Agusta, da hantsi

Manu bai dawo daga Karakkai ba.

Jiya da safe ya tafi. Ya ce min la'asar za ta yi masa a Gusau, mu zauna mu ƙarasa rubuta hirar Tsafe. Na jira shi a ofis har masu shara suka zo rufe ƙofa. Na kira, waya a kashe. Ban damu ba, can wajen Bungudu sai ka hau tudu kake samun sabis. Yau da sassafe matarsa Khadija ta kira ni daga Damba, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Anti Godiya, ko ya ce miki zai kwana?" Na ce wataƙila ruwa ne ya tare shi. Ruwan jiya kuwa ko ƙasa bai jiƙa ba. Ita ma ta sani.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya tsaya wuri ɗaya. Ni da Manu muna aikin nan tun bara waccan. Digirina na uku ne, a kan mutanen da rikici ya taso daga ƙauyuka da rugage ya zubo su Gusau da Tsafe da Bungudu. Shi ne abokin bincikena. Ɗan ruga ne da ya yi karatu. In mun shiga wajen Fulani shi ke tambaya, ni in riƙe na'urar ɗaukar murya. In mun shiga wajen manoma sai mu yi musanye, ya koma gefe ya riƙe na'urar.

Jiya aka shirya zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya a wajen Karakkai, aka yarda ya je ya saurara. Har na sa takalmi zan bi shi ya ce, "Malama, zaman maza ne a gindin itace. In suka gan ki kowa zai fara magana irin ta rediyo. Zauna, zan kawo miki labarin da ɗuminsa."

Sai na zauna.

Laraba, bayan magariba

A kashe.

Alhamis, 8 ga Agusta, da yamma

Yayansa Zakari ya shigo daga ruga. Ban taɓa ganinsa ba sai yau. Dogo ne, tsayinsu ɗaya, har yadda suke dafa ƙeya in suna tunani. Da na hango shi daga nesa a bakin titi na zaci Manu ne.

Mun kai rahoto inda ake kaiwa. Wanda ya karɓe mu ya yi mana fara'a, ya ba ni kujera. Ya tambayi suna, aiki, inda ya nufa. Da ya ji aikin jami'a ne sai ya gyara zama. Da ya ɗaga kai ya dubi Zakari da sandarsa, sai ya ce, "To shi ɗin, yana da mutane a daji?" Zakari ya ce, "Uwarmu tana daji. Shanunmu suna daji." Mutumin ya rubuta wani abu. Ya ce mu je, za a bincika.

A gida na tarar Mama tana naɗe kwanonin silba a tsofaffin zannuwa. Tun da Baba ya yi ritaya ake maganar komawa Kafanchan. Ƙanena Daniel ya gama rufin ɗakuna a can, an kuma sami Alhajin da zai sayi gidan nan. Na gaya mata maganar Manu. Ta ajiye kwanon ta ce, "Yesu." Can ta ce, "Kin dai gani da idonki. Da ke da littafinki duk mota ɗaya za ku shiga."

A Gusau aka haife ni. A gidan nan aka binne cibiyata.

Juma'a, 9 ga Agusta, da azahar

Na wuni a Damba. Khadija tana zaune a tabarma, wayarta a tafin hannu kamar ƙwai. Ko ban-ɗaki za ta shiga sai ta miƙa min ta ce, "Anti, in ta yi ƙara ki ɗauka." 'Yarsu ƙarama tana ta hawa bayana tana sauka.

Zakari ya jawo ni zaure ya ce, "Malama, in masu daji ne, da sun kira. Su ba sa ɓata lokaci."

Na ce to in ba su ba ne fa?



Ban taɓa zaton akwai ranar da zan roƙi Allah 'yan bindiga su kira waya ba. Yau na roƙa.

Lahadi, 11 ga Agusta, bayan sujada

Lokacin roƙon addu'a Baba ya miƙe. Baba ba mai miƙewa a coci ba ne. Ya dafa benci ya ce, "Ku tuna da ɗana Manu. Musulmi ne, Bafillace ne, ya ci tuwo a gidana. Ranar da na faɗi a tsakar gida shi ya ɗauke ni a kafaɗa zuwa mota." Fasto ya yi addu'a mai tsawo, kowa ya ce amin.

A waje wata daga cikin matan zumunta ta kama hannuna, da zuciya ɗaya, don ta kwantar min da hankali. Ta ce, "Kar ki damu, 'yata. Ai ɗan'uwansu ne, me za su yi masa?"

Na zare hannuna. Na san an ɗauke mata ɗa a hanyar Funtuwa shekarun baya, na san abin da suka sha. Duk da haka na zare hannuna.

Litinin, 12 ga Agusta, da safe

A kashe.

Talata, 13 ga Agusta, da yamma

Na ce bari in yi aiki. Na sa abin kunne na buɗe hirar Tsafe. Da wata mata muka yi ta, mai suna Tambaya, wadda mijinta ya fita gona damina uku da suka wuce. Tana cikin magana muryarta ta sarƙe. Sai na ji shi, dab da kunnena: "A hankali, Inna. Sha ruwa. Ba sauri muke ba." Sai ƙarar kofi. Sai tarinsa, wannan ɗan tarin da yake yi kafin ya yi tambaya mai nauyi.

Na mayar baya. Na sake mayarwa. Ko layi ɗaya ban rubuta ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, da hantsi

Farfesa Abdulaziz, mai duba aikina, ya kira. Ya ce an dakatar da duk fita fili. Ya ce ya buga wa duk wanda ya sani, har wani tsohon ɗalibinsa mai kaki. Ya ce Turawan da ke ɗaukar nauyin binciken suna son in rubuta musu bayanin abin da ya faru, shafi ɗaya ya isa. Can ya ce, "Godiya, ni na kawo yaron nan sashen. Ubansa bai so ba."

Na buɗe shafin. Suna tambaya wane irin lamari ne. Akwai gurbin hatsari, akwai na garkuwa, akwai na ƙarshe wanda ba zan rubuta sunansa ba. Na rufe.

Asabar, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Ba da sunan jami'a ba, na bi Zakari Bungudu. Mama ta zaci Damba na tafi.

Dawa ta yi tsayi a bana, har tana rufe mai babur. Duk inda hanya ta matse sai direba ya kashe rediyo, mota ta yi tsit.

A Bungudu muka sami wani dattijo da ya halarci zaman. Ya shimfiɗa mana buzu a ƙofar gida. Ya ce zama ya yi kyau ƙwarai. An yarda a buɗe burtali, an yarda shanu su sha ruwa ta ƙasan gada, an yi musafaha, an raba goro. Ya ce, "Malamin naku ma ya yi magana kaɗan, da Hausa da Fillanci, har aka yi dariya. Yaron kirki." Ya ce da aka tashi ya hau babur ɗin wani Ɗanlami, mai kabu-kabu. Na ce ina Ɗanlamin? Ya ce tun ranar ba a gan shi ba, amma iyalinsa ba su yi kuka ba, kuma matarsa ta tafi Tsafe da ƙullin kaya.

Na ce, "Baba, su wa ke tare hanyar nan?"

Ya ɗauki goro ya ɓare ya miƙo min. Ya ce, "Ɗiyata, hanya ta kowa ce."

Talata, 20 ga Agusta, da yamma

Mahaifiyarsu, Inna Uwani, ta zo Damba. 'Yar ƙaramar tsohuwa, da zane baƙi da awarwaro har gwiwar hannu. Ba ta kuka. Ta ƙi shiga ɗaki, ta shimfiɗa tabarma inda take kallon ƙofar gida. Ba ta faɗar sunansa, kunyar ɗa. "Abokin takardarki" take ce min. Hausarta kaɗan ce, nawa Fillancin bai wuce gaisuwa ba. Da can shi ke shiga tsakaninmu da irinta. Yau mun zauna ni da ita, ba mai fassara.

Ta kawo man shanu a ƙwarya ta ce in kai wa Baba.

Alhamis, 22 ga Agusta, da azahar

Wasu 'yan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam sun zo wajen Khadija. Farfesa ne ya turo su. Yarinyar da ke tambayar mai ladabi ce. Ta cire takalmi, ta zauna ƙasa, ta sassauta murya. Ta ce duk abin da za a faɗa sirri ne, kuma in ba ki so ki amsa sai ki ce ba ki so.

Kalmomina ne. Haka nake farawa, har da karkata kan.

Yaushe kika gan shi na ƙarshe? Me ya ce? Akwai wanda suke da saɓani? Me ke jikinsa ranar?

A nan Khadija ta tsaya. Ta ce fara ce. Ta ce a'a, farar tana cikin wanki. Ta dube ni, idonta ya fita. "Anti, ni na goge masa rigar. Wallahi ni na goge. Wace kala ce?" Sai ta fashe da kukan da ta riƙe tun farko.

Na ce ruwan toka ce, da hula mai ratsin kore. Yarinyar ta rubuta, ta ce Allah ya bayyana shi, ta sa takalminta. Suna da wani gidan a Ruwan Bore kafin yamma.

Mata nawa na bari haka a tabarma na sa takalmina?

Juma'a, 23 ga Agusta, da safe

Na yi mafarki muna ofis yana fassara min hira, bakinsa na motsi, ba na jin komai. Ina ta neman inda ake ƙara sauti.

Litinin, 26 ga Agusta, bayan magariba

Tsafe.

Zakari ya gano Ɗanlami a gidan kawunsa, amma ya ce in ya shiga da kansa mutumin ba zai buɗe baki ba. Sai na shiga ni kaɗai. Magidanci ne, ya haura arba'in, hannunsa na hagu a ɗaure da kara. Da na faɗi sunana ya tashi zaune. Ya ce, "Ke ce Malamar."

Bari in rubuta yadda ya faɗa.

"Tun da munka taso shina ta dariya bayana. Shina cewa yau Malama za ta ji labari, yau an yi abin kirki. Da munka wuce gada, inda dawa ta ruhe hanya, sai sunka hito. Huskokinsu a naɗe. Ba su taɓa babur ba, ba su taɓa aljihu ba. Guda ya dube ni ya ce mi sunanka, na hwaɗi. Ya dube shi ya ce kai hwa. Ya hwaɗi. Ya ce sunan ubanka. Ya hwaɗi. Sai ya ce sauka."

Na ce sai me?

"Sai ya ce to, bismillah. Ya sauka. Ya gyara hulatai. Ni ko na ce ku yi haƙuri, malamin makaranta ne, daga wurin sulhu muke. Shi ne wanga hannu. Sunka ce in tahi, in na waiwaya ban kai gida."

Na ce da wane harshe suka yi magana? Wace irin bindiga? Akwai kaki?

Ya dubi hannunsa. Ya ce, "Malama, ɗiyana shidda. Na hwaɗa miki abin da ni iya hwaɗi."

Da zan fita ya ce, "Ban waiwaya ba. Allah ya gani ban waiwaya ba."

Na gaya wa Zakari a gindin wata bishiya. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Sunan ubanmu." Ya maimaita. Ya ce zai je masallaci.

Kafin ya dawo ƙafata ta kai ni wajen Tambaya, matar da muka yi hira da ita, a ginin nan marar rufi da suke zaune su gida biyar. Tana tuyar awara. Ta ce, "Lale da Malama. Ina abokinki mai ba ni ruwa?" Na kasa. Ta dubi hannuna, ta ga ba na'ura, ba jaka. Ta sauke kaskon daga wuta ta matsa min a tabarma.

Na ce, "Inna, yaya ake yi?"

Ta ce, "Ba a yi. Gari ke wayewa, ki tashi." Ta ce mai gawa ya fi su, shi ya wanke ya rufe ya karɓi gaisuwa. Ta ce har yau in ta kwashe tuwo sai ta ga ta kwashe da nasa, sai yara su cinye da safe. Ta ce, "Abu guda zan hwaɗa miki. Ranar da kika ji kin yi dariya, kar ki tsorata. Zai zo. Ba cin amana ba ne."

Ta zuba min awara a takarda. Ita ta ba ni ruwa.

Laraba, 28 ga Agusta, da safe

Ban kira lambar ba yau. Da na tuna ban kira ba sai na kira.

A kashe.

Asabar, 31 ga Agusta, da hantsi

An ce ruwa ya turo wani a bakin gulbi ƙasan Bungudu. Zakari ya tafi. Khadija ba ta sani ba. Inna ta sani, ban san yadda aka yi ba. Ta sa mayafinta tun safe ta zauna da shi.

Asabar, da la'asar

Ba shi ba ne.

Na yi tsalle a tsakar gida har Mama ta fito. Sai daga baya na tuna na wasu ne. Akwai gidan da yau za a gaya musu, ko kuma ba za a taɓa gaya musu ba.

Talata, 3 ga Satumba, da yamma

Turawan sun yi taronsu ta bidiyo, Farfesa ya ce in shiga ko ba zan yi magana ba. Fuskoki a 'yan akwatuna, kowa da kantar littattafai a bayansa. Sun yi shiru na ɗan lokaci domin Manu, sun faɗi sunansa ba daidai ba. Mutanen kirki ne, na sani. Wata ta tambaya ko sulhun Karakkai yana nan daram, domin zai zama misali mai kyau a babi na huɗu.

Yana nan. Rediyo ma ta faɗa. An buɗe burtalin, shanu suna shan ruwa ƙasan gada. Na gaya mata haka, gaskiya ce. Sai na ce sabis ɗina ba kyau.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Abu biyu rana ɗaya.

An aika wa Zakari a ruga cewa tambayarsa ta yi yawa. Ba a faɗi wanda ya aiko ba. An dai sami saniyarsa ɗaya a yanke a bakin rafi, ba a ɗauki naman ba.

Mai gidan da su Khadija ke haya a Damba kuma ya zo da kansa, ya yi sallama, ya yi jaje. Ya ce maƙwabta suna magana. Wai tun da aka ɗauke shi ba a nemi komai ba, akwai dalili. Wai baƙin fuskoki suna yawan shigowa gidan. Ya ce shi bai yarda da maganar ba, amma gida ɗaya gare shi. Ya ba su zuwa ƙarshen wata.

Khadija ta ce min ta tambayi malami matsayinta. Ya ce ita matar aure ce, ba takaba, ba komai, sai an yi shekara huɗu ana nema. Ta yi murmushi ta ce, "Anti, ni matar aure ce." Ta ci gaba da tsefe wa 'yarta kai.

Lahadi, 8 ga Satumba, da yamma

Daniel ya kira, ya kama babbar mota, ranar Asabar mai zuwa ta sama. An sauke hotunan bango, sai tabon inda suka zauna. Mama ta zuba littattafaina a buhu ba ta tambaye ni ba.

Zakari ya yanke shawara. Za su tashi gaba ɗaya, su nufi Kwara inda ƙanin Inna yake. Maza za su bi shanu da ƙafa, mata a mota. Khadija da 'yar za su bi su.

A babi na biyu na rubuta dalilan da ke sa iyali su yi hijira. Na kasa su kashi-kashi, Farfesa ya yaba. Ban sa wannan ba: mutum ya tashi domin ya tambayi inda ƙaninsa yake.

Alhamis, 12 ga Satumba, da azahar

Na raka su tasha.

An ɗaure ƙore da tabarmi a saman mota. Khadija ta shiga baya, 'yar a cinya, waya a hannu. Ta ce, "Ba zan canza layi ba, Anti." Na ce na sani.

Inna ta ƙi shiga. Direba yana ta hon, ita tana tsaye riƙe da gefen zanena. Ta kira wata mata mai sayar da nono ta fassara mana, domin ta ce maganar ba ta rabin harshe ba ce.

Ta ce ruga ba kowa yanzu, ko turke an cire. Ta ce gidan Damba baƙi za su shiga. Ta ce in abokin takardarki ya fito, ba waya a hannunsa, ba takalmi, zai je ruga ya ga ciyawa. Zai je Damba a ce ba a san shi ba. Daga nan gidanmu, gidan Baba Nathaniel, zai nufa, domin nan kaɗai ya rage masa a garin nan. Ta ce, "Ki gaya masa inda muka yi. Ki ce masa ba gudunsa muka yi ba."

Ba ta san an naɗe kwanoninmu ba. Ba wanda ya gaya mata.

Mai nono tana kallona, Inna tana kallona, direba yana hon.

Na ce, "To, Inna."

Ta saki zanena ta shiga mota. Ba ta waiwayo ba.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan magariba

Na gaya wa Mama da Baba a kan tuwo, ba zan bi su Kafanchan ba.

Mama ta ajiye cokalin miya. Ta ce mace ke kaɗai, a garin da ake ɗauke mutum don sunan ubansa? Ta ce naki sunan uban fa, kin manta? Ta ce, "Godiya, wata ya wuce. Ke mai ilimi ce. Kin san abin da…" Ba ta ƙarasa ba. Ba wanda ya ƙarasa wannan maganar a gidan nan, ni ma ban ƙarasa ta ko a nan ba.

Na ce na sani, Mama. Na ce amma na ce to.

Ta tashi ta shige ɗaki. Baba ya gama cin tuwonsa tsaf, ya wanke hannu, ya ɗauki sandarsa ya fita. Bai ce inda za shi ba.

Asabar, 14 ga Satumba, da safe

Wajen Alhaji ya je. Ya cire ɗakin waje daga cinikin, wanda ƙofarsa ke kallon titi. Ya ce min, "Ban yi don ina ganin zai dawo ba. Ban kuma ce ba zai dawo ba. Tsohuwa ta bar miki amana, ni kuma ban haifi wadda za a ce ta ce to ta tafi ba. Amma Kirsimeti ki zo gida."

Mama ba ta yi min magana.

Asabar, 21 ga Satumba, da yamma

Sun tafi.

Har aka gama loda kaya ba ta dube ni ba. Da direba ya tayar da mota sai ta ce a tsaya. Ta sa aka kwance igiya, aka sauko da tukunyarta ƙarama da murhun gawayi da buhun littattafaina. Ta dire su a ƙofar ɗakin. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta yi addu'a da yarenmu, wanda rabinsa kawai nake ji. Ta ce in rufe ƙofa da wuri. Ta ce in ci abinci.

Gidan yana amsa kuwwa.

Litinin, 23 ga Satumba, da hantsi

Khadija ta kira, sun isa. Shanu suna hanya. Ta ce Inna ta ce a gaishe ni, a tambaye ni ko an zo. Na ce tukuna.

Na buɗe babi na huɗu. Na rubuta shafi biyu. Aikin nasa ne kamar yadda yake nawa, kuma matan nan ba don in ajiye maganarsu a aljihu suka ba ni ita ba.

Laraba, 25 ga Satumba, da la'asar

Ma'aikatan Alhaji sun zo gyara. Sun fasa dakalin Baba, sun sare gwandar Mama. Gidansa ne. Ina ɗaki na ji ana kankare ƙarfe. Na leƙo, mai fenti ya durƙusa a gaban babbar ƙofa da gwangwani, zai mayar da ita ruwan ƙasa.

Na fito ba ko ɗankwali. Na ce, "Malam, don Allah ka bar ƙofar nan."

Ya ce Alhaji ne ya ce.

Na ce zan yi wa Alhaji magana da kaina. Ka yi ciki duka, ka yi bango, ka yi tagogi. Ƙofar kawai ka bar ta da shuɗinta. Duk layin nan ita kaɗai ce shuɗiya, da ita ake gane gidan.

Ya dube ni, ya dubi ƙofar. Ya mayar da murfin gwangwanin a hankali. Ya ce, "Baƙo kike jira?"

Na ce, "Wani ne zai zo tambayar hanya."